Yatsan da Muka Yi Kiwo

A kan buhunan siminti muka ƙulla maganar, ni da Mai Bulo, cikin ɗakin langa-langan da yake kira ofis. Shi yana kan tarin da ya fi tudu, ni ina ƙasa, don ko a zama ba ya yarda a yi kai ɗaya da shi.

Buƙatata ɗaya ce. Ya cire ƙanina daga kwaɓin siminti har a yi zaɓe, ya ajiye shi a bakin ƙofa yana buɗe wa motoci, kuma kada a taɓa masa ladansa. Shi ma tasa ɗaya ce. Direban tifarsa ya gudu, yashi ya yanke masa, ya kuma san na yi shekaru ina jan manyan motoci kafin gwiwa ta zaunar da ni. Ya ce in hau tifar har ranar zaɓe, kyauta.

"Direba, duk wannan wahalar a kan yatsa ɗaya?" in ji shi.

Na ce, "Yatsa ɗaya ne, amma gida guda ne a rataye a jikinsa."

Ya yi dariya ya miƙo mini makulli. Da muka gaisa na ji tafin hannunsa kamar na jariri, mutumin da ya yi arziki da siminti.

Ƙanin nan nawa Auta muke ce masa, ko da yake furfurarsa ta kusa kamo tawa. Tun yana saurayi yake buga bulo. Siminti kuwa cin fata yake yi, a hankali, ba ciwo ba jini, har sai ranar da ka duba ka ga hannunka ya koma kamar bayan kwalba. Auta yakan sauke butar shayi daga kan wuta ba tsumma. Zanen nan na yatsa da kowa ke da shi, nasa ya shafe tuni. Da can wannan bai dami kowa ba. In na'urar zaɓe ta ƙi yatsan mutum, sai maƙwabta biyu su shaida shi, a ba shi takarda ya dangwala.

Sai majalisar jiha ta yi wa dokar zaɓe gyara. Mu a rediyo muka ji, guntu-guntu, sai da ’yar maƙwabcina mai karatun lauya ta zaunar da mu ta warware mana. An soke shaidar maƙwabta. Na'ura ce kaɗai shaida. Wanda ta ƙi yatsansa sau uku a jere, za a ɗauka katin wani ya zo da shi, nan take a miƙa shi ga ’yan sanda. Wanda kuma ya bar zaɓe biyu a jere bai yi ba, a share sunansa, katinsa ya mutu, sai in an sake buɗe rajista, wadda ba wanda ya san ranarta.

Auta bai yi zaɓen da ya wuce ba. Ranar yana asibiti a kan matarsa, Maman ’Yan Biyu, lokacin da ciwon suga ya fara kayar da ita. Tun daga nan allura take sha kullum, kuma asibitin jiha ke ba da ita kyauta ga wanda ya nuna katin zaɓe mai rai, shaidar cewa ɗan jihar ne. Ita ba a nan aka haife ta ba, ba ta da kati. A ƙarƙashin na mijinta aka rubuta ta.

Ka ga yadda aka yi mana ke nan. In bai je ba, kati ya mutu, allura ta yanke. In ya je da wannan hannun, motar ’yan sanda.

Ni na kawo dabarar. Na taɓa gani a wata iyaka da nake ratsawa da kaya, inda na'ura ke ƙin yatsun makanikai. Sukan huta da yatsan, su yi ta shafa masa mai, su naɗe shi, bayan ’yan makonni zanen ya fara dawowa kamar ciyawa bayan ruwan farko. A jiharmu babban yatsan dama ake ɗauka a rajista, kowa ya san wannan. Don haka na sayo kwalbar man shafawa, na yaga tsohuwar singiletina, muka naɗe babban yatsan Auta na dama har ya koma kamar kan muciya.

Muka kuma yi shawarar kada matarsa ta sani. Likita ya ce tashin hankali yana tayar mata da ciwon. Me za ta ƙara mana in ban da kuka? Haka na ce wa Auta, shi ma ya yarda. Muka ce mata ƙurji ne ya fito masa.

Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ƙafafunta a miƙe, ta dubi naɗin ta girgiza kai.

"Yatsan nan kuma? Shi dai ba ya gajiya da jawo magana. Ko wancan karon ma…"

Auta ya katse ta, ya ce shayin Yaya ya huce. Ni kuma na kama zancen ’yan biyu da jarrabawarsu, na yi ta ja har ta manta. Muka fito muna murna mun tsallake.

Ni dai na koma bayan sitiyari, daga bakin kogi zuwa gidan bulo, gwiwata tana tsine mini a kowane rami. Auta yana bakin ƙofa, hannun dama a ɗage a ƙirji kamar mai riƙe da ƙwai. Amma mutumin da ya saba aiki zama azaba ne gare shi. In na shigo da yashi sai in tarar da shi yana taya yara lodin bulo da hannun hagu. A gida ma da hagun yake yi wa matarsa wanki, yana dirzar kaya a jikin baho da garin sabulu, da shi yake wanke tukwane. Abokan aikinsa suka sa masa Bahagon Dole. Ni da kaina na yaba masa. Na ce ya ci gaba, hagun ai ba wanda zai tambaye shi.

Ana cikin haka wani kansila ya rasu a wata unguwa can gaba da kasuwa, aka yi zaɓen cike gurbi. A nan aka fara gwada dokar. Da yamma labari ya iso cewa an kwashi mutane, a cikinsu har da wani mai wanki da guga da Auta ya sani, dattijo mai ’ya’ya da jikoki. Wanda ya gani da idonsa ya ce a bayan mota aka zaunar da shi a ƙasa, yana ta nuna wa jama'a katinsa da fuskarsa, yana cewa ku duba, ai ni ne. Da aka sako shi mun je yi masa jaje. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Duk tambayar da aka yi masa sai ya ce lafiya lau. Muna zaune wata mota ta taka birki a waje, na ga ya miƙe zumbur ya kama bango.

A hanyar dawowa, da muka zo kwanar gida, Auta ya tsaya ya dube ni.

"Yaya, in suka kai ni, wa zai yi mata allurar? Yaran nan tsoron jini suke yi."

Na ce ba inda za a kai shi. Na faɗa da ƙarfi, irin yadda nake yi wa fasinja magana in birki ya fara wasa a gangara.

Kafin wani lokaci dabarar tawa ta bazu. Masu wanki, masu fasa dutse, makanikai, mata masu wanke-wanke a gidajen abinci, duk inda ka duba ga yatsa a naɗe. Abin da ban hango ba shi ne, yatsa a naɗe magana yake yi. Yana gaya wa kowa cewa mai shi ya ƙudurta zuwa rumfar zaɓe. ’Yan bangar siyasa suka fara bin unguwa suna ƙirga tsumma.

Wata rana na shigo da tifa na hango su uku a bakin ƙofa sun kewaye Auta. Babbansu, wani mai tabo a goshi wanda na san ubansa, yana riƙe da yatsan cikin ladabi kamar mai duba tumatir. Na kashe mota na sauko. Ina jin yana tambaya, wannan kayan wa ake yi wa tanadi? Auta ya ce ƙurji ne.

Yaron ya shinshina naɗin. "Baba, ƙurjinka ƙamshi gare shi." Ya ɗan matsa yatsan, kaɗan, har Auta ya ɗaga dunduniya. "A dai kula da shi. Ƙofar ƙarfe kake buɗewa, kada wata rana ta datse shi."

Suka gaishe ni da kyau, har da rusunawa, suka wuce. Ba su ma faɗi wanda suke so a zaɓa ba. Ina jin so suke kawai a zauna a gida. Daga ranar Auta ya koma ɓoye hannun a aljihu, in zai kwanta ya tura shi ƙarƙashin hammata. Matarsa ta gaya mini yana firgita cikin barci, ta ce ko in kai shi a yanka ƙurjin nan a huta. Na ce ya kusa fashewa da kansa.

Ana gobe zaɓe, da la'asar, muka shiga bayan tifa inda ba mai ganinmu muka kwance naɗin. Yatsan ya fito fari fat, lumus, kamar ba na jikinsa ba. Na goga masa tawadar biro na danna a bayan kwalin sigari. Sai ga zane ya fito, da'ira cikin da'ira, tsaf. Auta ya yi ta kallon kwalin. Ya ce rabonsa da ganin wannan tun kafin ya yi aure. Muka yi dariya har da hawaye, tsofaffi biyu a bayan motar yashi.

Rumfarmu a harabar makarantar firamare take. An ja igiya daga bishiya zuwa tagar aji, an ajiye tebur, wata yarinya sanye da rigar hukumar zaɓe tana riƙe da na'urar da hannu biyu. Ba ta fi sa'ar ’yan biyu ba. Wakilan jam'iyyu suna kan benci a gefe. Can ƙarƙashin bishiya motar ’yan sanda ce, an juyo da bayanta wajen layi yadda kowa zai gani. Tun kafin rana ta yi zafi akwai mutum biyu a ciki, ɗaya mace ce, ta rufe fuskarta da gyale. Layin bai kai rabin na da ba, kuma ba mai hira. In na'ura ta karɓi yatsa sai ta yi ƙara siririya ta nuna kore. In ta ƙi, ƙarar mai kauri ce, sai ka ga kawuna sun juya gaba ɗaya.

Na riga Auta shiga don ya ga ba komai. Ina ɗora yatsa ta nuna kore, ni da ba abin da zan rasa. Na jefa ƙuri'ata na fito na tsaya a bayan igiya, kusa da tebur gwargwadon yadda aka bari.

Auta ya matso. Ya miƙa kati, yarinyar ta dubi hoto ta dube shi. Ya zaro hannun daga aljihu a hankali, ya ɗora yatsan nan da muka yi kiwo.

Ƙara mai kauri.

Na ce a raina mai ne ya yi yawa. Na yi masa alama ya goge a riga. Ya goge, yarinyar ma ta goge gilashin da gefen rigarta. Ɗan sanda ɗaya ya bar inuwa ya fara takowa, ba sauri. Auta ya sake ɗorawa.

Ƙara mai kauri.

Wani daga cikin wakilan ya ce saura ɗaya, kamar mai kallon ƙwallo. Yarinyar ta kai na'urar kusa da fuskarta tana latsawa, leɓenta yana motsi. Sai ta ɗago.

"Baba, ai hagu ka bayar ranar rajista. Ga shi an rubuta, dama akwai rauni."

Na ga abin ya faɗo wa Auta a fuska. Ya ɗaga hannun hagu ya juya shi yana kallo, ni ma daga inda nake ina gani. Yatsan da ya yi makonni yana ɗaukar aikin hannu biyu, bulo da sabulu da tukwane. Ya yi sumul yana ƙyalli, ga tsaga a tsakiya.

Yarinyar ta rage murya, amma na ji ta. Ta ce doka sau uku ta ce. In ya juya yanzu ya tafi, ba wanda zai taɓa shi. Ya tambaye ta, katin fa? Ta sunkuyar da kai ta ce wannan ba a hannunta yake ba.

Ya waiwayo ya dube ni. Na girgiza masa kai, na yi masa alama da hannu ya fito. Na san caji ofis, na kwana a irinsu a ƙasashe fiye da ɗaya, na san abin da suke yi wa mutum mai shekarunsa. Na ce, "Auta, taho mu tafi gida." Ban taɓa ba shi umarni ya tsallake ba tun yana yawo ba wando.

"Yaya, in na je gida me zan ce mata?"

Ya goga yatsan hagun a goshinsa inda gumi ke tsiyaya, ya hura masa iska, ya yi bisimilla, ya ɗora. Na'urar ta daɗe tana tunani, ko kuwa ni na ga haka. Yarinyar ta rufe ido.

Ƙara mai kauri.

Ba su doke shi ba a gabanmu. Ɗan sandan ya karɓi katin, ya riƙe shi a ƙugun wando kamar ɓarawon kaza, ya ja shi zuwa mota. Takalminsa ɗaya ya fita, ba a bar shi ya ɗauka ba. Mutanen unguwa da suka san shi tun yana yaro suna tsaye a layi, kowa ya kafa ido a ƙeyar na gabansa. Ban ga laifinsu ba. Wasu masu tsumma a yatsa suka sulale daga layin suka bi ta bayan aji. Na ɗauki takalmin na bi motar da ƙafa har gwiwata ta ƙi.

A caji ofis suka ce laifin zaɓe ne, ba a ba da beli sai ga mai kadara a cikin gari, mai takardar fili da sunansa. Ni haya nake. Duk danginmu haya muke. Mutum ɗaya na sani.

Na sami Mai Bulo a kan buhunan nan dai. Ya saurare ni har na gama, yana sakace haƙori. Ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai, Auta kamar ɗan'uwa yake a wurinsa. Amma sa takardar fili a hannun hukuma ba ƙaramin abu ba ne, kuma har yanzu bai samu direba ba. Na ce har yaushe? Ya ce har damina ta wuce, lokacin da yashi ke wahala. Makullin yana aljihuna, da niyyar mayar masa na zo da shi. Na bar shi a inda yake.

Ya ce sai an buɗe ofisoshi bayan zaɓe za a iya komai. Don haka dole na je gidan Auta ni kaɗai, da takalmi ɗaya a hannu. Maman ’Yan Biyu tana ganina ta ajiye tsintsiya. Na zauna a bakin ƙofa na gaya mata komai, tun daga doka har tsumma. Na shirya wa kuka, na ma aika a kira maƙwabciyarta. Amma ba ta yi kukan ba. Ta daɗe tana kallon takalmin.

"Yaya, da kun tambaye ni," in ji ta. "Ni na ɗaure masa na daman ranar rajistar, ƙarfen bulo ya datse shi. Ya dawo yana dariya, wai da hagu ya zama ɗan jiha."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ranar ita ta yi wa kanta allura, ina jin ’yan biyu suna ce mata a hankali, Mama.

Auta ya fito bayan ’yan kwanaki. Bai ba da labarin ciki ba, ni ma ban tambaya ba, amma har yau ba ya zama inda ya ba ƙofa baya. Da aka je kotu alƙali ya dubi hoto ya dube shi, ya ce wannan ai shi ne, ya sallame shi. Na miƙe na tambaya, to katin fa, ranka ya daɗe? Ya ce gabansa laifi aka kawo, ba kati ba. A hukumar zaɓe suka ce mutumin bai jefa ƙuri'a ba sau biyu a jere, na'ura ta riga ta share shi. A asibiti ma'aikaciyar da ta saba ba su allura ta gwada katin da ’yan sanda suka mayar masa har sau biyu don kunya, sannan ta turo masa shi ta ƙarƙashin gilashi.

Wanda ya ci zaɓen ya ci da ratar da ƙuri'ar Auta ba za ta rage ko ta ƙara ba, kuma na ji shi a rediyo yana yabon dokar, wai ta kawo tsabta. Mai Bulo ya samu direba kyauta har ƙarshen damina. Ya kuma gano cewa yaron da ya sa a gurbin Auta ya fi shi sauri, don haka bai mayar da shi kan kwaɓi ba, ya bar shi a ƙofa a ladan mai gadi. Mai kantin magani na bakin titi ya samu sabuwar mai saye wadda ba ta isa ta yi fashi ba. Keken ɗinkin Maman ’Yan Biyu ya tafi can, ɗaya daga cikin ’yan biyu ya bar makaranta ya kama aiki a gareji. Gwiwata ta ƙarasa lalacewa a kan kulocin tifa.

Auta kuwa, tunda ya bar siminti, zanen yatsunsa ya dawo duka, dama da hagu. Duk na'urar da ka kai shi yau za ta karɓe shi. Sunansa ne babu a ciki.